Harafin da Baffa Ya Ƙara

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma, kuma a makon jiya Baffa, yayan mahaifina, ya riga mu komawa. Ya rasu a gidansa na Talata Mafara bayan ya tsufa tukuf, haƙora sun zube amma bakin bai mutu ba. Na zauna makoki a cikin gida tare da mata, kuma tun da nake ban taɓa ganin zaman makokin da idanu suka bushe haka ba. Mata na shigowa, su durƙusa, su yi gaisuwa mai tsawo kamar yadda aka saba, su ce Allah shi jiƙanai, mu ce amin. Wata tsohuwa daga Tsibiri ta ɗauko addu'ar nan da ake yi wa kowa, ta ce, "Allah shi sa halinai na gari shi..." sai ta tsaya, ta yi tari, ta nemi ruwa. Ba ta ƙarasa ba, mu ma ba mu tuna mata ba.

A ƙofar gida kuwa, an ce wani dattijo ya taso tun daga Janbako a bayan babur, duk da lalacewar hanyar nan. Ya sauka yana dafa gwiwa, ya tambayi maza, "Da gaske na Baba Hit ya hita?" Aka ce da gaske ne. Ya ce alhamdu lillahi a kan kowane hali, ya sha ruwa, ya hau babur ya koma. Yara suka yi ta dariyar sunan nan na Baffa, ba su san inda ya samo asali ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ba na so a manta da Baffa, kuma ba na so a tuna shi a matsayin tsoho mai ban dariya.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi a gidan. Da aka gama yi masa sutura, aka kira Inna, matarsa, ta zo ta yi bankwana ta yafe masa kafin a fita da shi, kamar yadda ake yi wa kowace mace. Ta zo, ta tsaya a kansa, ta dube shi daga sama har ƙasa, ta juya ta koma ɗakinta ba ta ce uffan ba. Haka aka ɗauke shi. Tun ranar Gwaggo, ƙanwarsa, ta tasa ta a gaba safe da yamma. Gwaggo ta yi imani ɗan'uwanta na can a rataye har sai matarsa ta furta kalmar, kuma ta rantse ba za a watse daga makoki ba sai ta ji ta da kunnenta.

Mu mutanen tsohuwar Maradun ne. Lokacin da aka datse gulbi a Bakolori, ruwa ya hau ya cinye gonakinmu na fadama, har da ta Baba, mahaifina, wadda ya gada kuma bai san wata sana'a ba bayan ita. Aka wayi gari maza masu ƙarfi na zaune gindin bango babu abin yi. Abin da ya rage shi ne aikin lebura, kuma idon kowa ya koma kansa. Wani ƙaramin ɗan kwangila, baƙo ne, ya karɓi aikin shafe wasu magudanan ruwa da siminti ta wajen Talata Mafara, ya kafa rumfar kwano yana ɗaukar mutane. Ba ya jin Hausa, likitan da ya ɗauko don duba lafiyar leburori shi ma ba ya ji. A nan Baffa ya samu shiga. Ya taɓa yin masinja a Gusau, ya tsinto Turanci guntu-guntu, sai ga shi ya zama tafinta a bakin ƙofar rumfa.

A cikin duk Turancin da ya tsinto, kalma ɗaya ya aura, ita ce fit. Ni na yi shekaru ina koyar da Turanci a firamare a Bakura, na san wahalar kalmar nan a wurin yara, domin ba ta zama wuri ɗaya. Lafiyayyen mutum fit ne. Riga in ta zauna a jiki ta yi fit. Mai haɗa ƙarafan inji ma daga jikinta aka ciro sunansa, shi ne muke ce wa fita. Ma'aikatan da suka zo daga kudu kuma, in abu ya gagare su sai ka ji sun ce a no fit. Baffa ya tattara duk waɗannan ya zuba a aljihu, yana ciro wadda ta yi masa. Tuwon da ya yi gudaji anfit ne, wato kishiyar fit. Limamin da ya ja dogon karatu anfit ne. Akwai wata kwat da ɗan kwangilar ya yar masa, hannuwanta sun rufe masa yatsu, kafaɗunta na lilo, amma ya sa ta a kan taguwa cikin zafin bazara yana taƙama yana cewa ta yi fit. Mu nan ba mu cika furta harafin farko na kalmar ba, h muke mai da shi, shi ya sa sunan ya koma Baba Hit a bakin mutane.

Yadda ake ɗaukar aikin shi ne, mutum ya shiga rumfa ya tuɓe riga, likita ya ɗora masa abin sauraron ƙirji, ya buɗe masa ido, ya ce ya tsuguna ya miƙe. In ya gamsu sai ya ce fit, ya juya yana wanke hannu, sauran aikin na tafinta ne. To Baffa ya lura da wani abu da shaiɗan ne kawai zai nuna wa mutum. Mu hita muke cewa, amma kowa ya san fita ta mutanen Kano da ta rediyo. Saboda haka in wanda ke tsaye bai yi masa ba, likita na cewa fit, sai Baffa ya ɗaure fuska ya nuna ƙofa. "Ka jiya da kunnenka. Yac ce ka hita." Kuma lallai mutumin ya ji da kunnensa. Zai ɗauka likita ne ya kwaɓa 'yar Hausarsa don ya kore shi da kansa. Sai ya ɗauki rigarsa ya fita a sanyaye, ya je gida ya gaya wa iyalinsa an gano masa ciwo a ƙirji.

Laifin da ke jawo wa mutum haka ba shi da yawa. Ka gaishe shi a tsaye, ko ka kira shi da sunansa na yanka a gaban baƙi, ko ubanka ya taɓa yi masa gori a dandali tun suna samari. Na san wani magidanci da ya yi ta shan saiwoyi da jiƙe-jiƙe har ya rame, yana neman maganin ciwon da ba shi da shi. Baffa kan wuce shi a kasuwar Talata ya tambaye shi ya jiki.

Ranar da Baba ya je, gurbi ɗaya ya rage a rukunin masu ɗebo ruwan kwaɓa siminti. Ya tafi da ƙarfin zuciya, tunda yayansa uwa ɗaya uba ɗaya ne a bakin ƙofa. Ni ina kwalejin horon malamai a lokacin, sai da na zo hutu na tarar da Baba ya zama wani iri, ba ya son fita, yana yawan dafa ƙirji. Na tambaye shi abin da ya faru. Ya ce likita ya kore shi, kuma a gaban jama'a. Na ce me likitan ya ce daidai? Baba mutum ne mai riƙe sauti, in ya ji kukan tsuntsu sau ɗaya sai ya maimaita shi. Ya gyara murya, ya kwaikwayi likitan har da ɗaga gira, ya ce, "Fit." Na ce ya sake. Ya sake. Na ce babu komai a gabanta, babu an? Ya ce babu, "Hakanan yaf faɗe ta, guntuwa, kamar mai tohi." Na rasa yadda zan gaya wa mahaifina cewa lafiyarsa lau, yayansa ne ciwon. Amma na gaya masa.

Ban tsaya sa takalmi sosai ba na nufi gidan Baffa. Na same shi a zaure da abokan hirarsa, an baje goro. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, domin ba a raina ni da rashin tarbiyya ba, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na ɗauka zai musa. Sai ya tuntsire da dariya har kwat ɗin na zamewa daga kafaɗa.

"Kun gani ko? Boko ya yi rana! Ke ɗiyata, mi nic canza? Likita yac ce fit, ni nic ce hita. Harahi guda niƙ ƙara mai. Don harahi guda kika zo ki tada man jijiyar wuya?"

Na ce, "Baffa, ƙanenka ne. Ba shi da gona, ba shi da hatsi."

Ya ce, "Ni ma ina da ɗa, kuma gurbi guda na. In ke ta, wa kika ba?"

Ɗan da yake nufi shi ne Yaya, ɗansu tilo shi da Inna, wanda ya girme ni kaɗan. Yaya mutum ne mai sanyin hali, mai son tantabaru, kuma yana da farfaɗiya tun yana ƙarami. Gidanmu kowa ya sani. Ba a barinsa ya je gulbi shi kaɗai, ba a barinsa kusa da murhu, ko rijiya Inna ba ta yarda ya leƙa. In rana ta yi zafi ciwon ya fi tashi. Wannan ne Baffa ya tura gaban likita bayan ya kori Baba.

Kuma a zauren nan, a gabana, ya ba abokansa labarin yadda ya yi, yana jin daɗin kansa. Ashe farfaɗiya ma a Turanci fit ce, kuma Baffa ya sani sarai. Likita ya dubi Yaya, ya ga tabon cizo a harshensa, ya tambaya ko yana yin fit. "Yac ce man, eni fit? Nic ce mai, fit sa, beri fit! Yaƙ ƙara tambaya, niƙ ƙara ba shi amsa, nib bugi ƙirjin yaron. To ƙarya niy yi? Abin da yat tambaya shi nib ba shi." Ya fassara musu wasan da Hausa dalla-dalla, wato likita farfaɗiya yake tambaya shi kuma yana amsa masa da ƙoshin lafiya, don kada daɗin ya wuce su, suka yi dariya, wasu na dole. Inna na bayan zana tana tankaɗe, ta ji komai.

Na ga lokacin da ta fito. Ba ta taɓa shiga zaure da maza a ciki ba, amma ranar ta durƙusa a bakin ƙofa, gari a hannunta har gwiwar hannu. Ta ce, "Malam, don Allah don Annabi, ka hidda yaron ga aikin ruwa. Ko dako na, ko gadi, amma ban da ruwa." Baffa ya dube ta, ya dubi abokansa, ya ce mata likitan Turawa ya ce ɗanta fit ne, ita wace ce, ko ta fi likita ne. Ya ce ta koma ta gama tuwo. Yaya kansa murna yake yi, wannan ne ya fi ci mini rai. Karo na farko ke nan da aka ce masa shi ma namiji ne kamar kowa, har ya sayo wa tantabarunsa sabon kasko da kuɗin aikinsa na farko.

Bai daɗe a aikin ba. Inda suke ɗebo ruwan wani rami ne da aka haƙa a gefen magudana, an gitta katako a kai, mutum ya tsaya ya zura bokiti. Da tsakar rana ciwon ya buge shi a kan katakon, ya faɗa. Ruwan bai wuce ƙirjin mutum ba. Akwai maza a wurin, ƙarti, kuma sun ga abin da ke faruwa, amma da suka ga kumfa a bakinsa sai kowa ya ja da baya, saboda an ce mana tun muna yara wai wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa shi ma ya ɗauka. Suka tsaya suna salati suna kiran a zo. Kafin a samu mai ƙarfin halin shiga, ruwan ya daina motsi.

Aka kira Baffa daga rumfa, ɗan kwangilar na biye da shi yana tambayar abin da ya faru. Leburorin da ke wurin sun riƙe abin da ya ce, domin sun maimaita mini shi ba tare da sun san ma'anarsa ba. Ya dubi ɗansa a kwance a kan yashi, ya juya ya ce wa maigidansa, "Hi no fit suwim, sa." Wato yaron bai iya ruwa ba ne kawai. Ko a wannan tsayuwar, da gawar ɗansa a gabansa tana ɗigar ruwa, kansa ya yi aikin da zai nemo fit ɗin da za ta rufe ta farko, don kada a gane ya yi wa likita ƙarya a raba shi da ƙofar rumfa. Ana yin sadakar uku ya sa kwat ya koma aiki. Duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ce kwana ne ya ƙare.

Baba ne ya shiga kabari ya karɓi Yaya. Da ya dawo ya ce mini, "Wurina na. Da ni at tsaye bisa katakon nan, ko na hwaɗa dariya zan hito ina yi, ni da nit tashi cikin gulbi." Bai ƙara tada maganar ba har ya bar duniya. Ya ƙare rayuwarsa yana ƙwadago a gonakin albasa da tumatir na wasu a Bakura, kuma duk inda ya haɗu da yayansa sai ya rusuna ya gaishe shi, domin yaya yaya ne. Ranar da Baba ya rasu, Baffa ya zauna a kan tabarma ta gaba yana karɓar gaisuwa, aka ji shi yana gaya wa wani cewa dama tun can marigayin anfit ne.

Dole in faɗi alherinsa, tunda shi ma gaskiya ne. Baffa ne ya sa ni a makaranta. Baba bai so ba, Baffa ya zo ya yi ta masifa har aka bar ni. Ranar da zan tafi kwaleji shi ya ɗora akwatina a kekensa ya tura har tasha, ya biya da ni kasuwa ya saya mini takalmi. Ya tsuguna a gaban mai takalma, babban mutum da shi, ya danna babban yatsana ya ji ko akwai sarari, ya ɗago yana murmushi ya ce, "Ya yi fit." Har yau ina jin ɗumin hannunsa a ƙafata. Na so shi a ranar, so na gaske, kuma ina jin haushin cewa ban iya goge wannan ba. Daga baya yakan ce shi ya wasa wuƙar da ake yankansa da ita, amma ko a gaban wa zai nuna ni ya ce ɗiyarsa ce malama.

Aiki ya ƙare, ɗan kwangila ya kwashe kwanonsa ya tafi, Baffa ya koma dillancin shinkafa a Talata Mafara da kalmarsa a baki. Inna ba ta yi yaji ba, ba ta nemi saki ba, ba ta sake haihuwa ba. Ta dafa masa, ta wanke masa, da ya kwanta ciwo ita ta yi ta juya shi tana share shi. In ya ture kwano ya ce anfit, sai ta ɗauke ta zuba wa awaki ta kawo wani. Mutane na cewa ba a taɓa ganin mace mai haƙuri irinta ba. Ni dai na lura tun daga shekarar nan ba ta ƙara yin dariya a gabansa ba, kuma tantabarun Yaya ita ta ci gaba da ba su dawa har zuriyarsu ta cika gidan.

Ranar sadakar bakwai Gwaggo ta gaji da lallashi. Ta tara mu a ɗakin da Inna ke takaba, ta kira matar liman don ta zama shaida, ta zauna gab da Inna har gwiwoyinsu na haɗuwa. Ta fara da kuka, ta ce ta yi mafarkinsa yana neman ruwa. Da kukan bai yi aiki ba ta koma faɗa.

"Ke wace irin zuciya ag gare ki? Mutum ya mutu, ƙasa ta ruhe shi, mi kika jira? Allah ma muna yi mai laihi shi yahe muna. Ki ce kin yahe, baki na, ba ya ciwo."

Matar liman ta sa baki a hankali, ta ce yafiya ta fi zama alheri ga mai yin ta. Inna na zaune da carbi, kanta a ƙasa. Ta tsufa ƙwarai, muryarta ba ta fita sosai, sai da muka matso.

Ta ce, "Na yahe."

Gwaggo ta ɗaga hannu sama za ta yi hamdala. Inna ta riƙe mata hannun.

"Tsaya in gama, kada a ƙara man harahi. Zagin da yay yi man, na yahe. Kwanon da yat ture, da kunyar da yab ba ni gaban maza, da wankin kashinai da niy yi, dut na yahe, har ga Allah. Wanga nawa na, ina da ikon bayarwa. Amma na yaron ba nawa na ba. Ban da ikon yahe abin da ba nawa ba."

Gwaggo ta ce, "To wa za shi yahe mai shi? Yaron ya mutu!"

Inna ta ce, "Ai shi ya sa. Can zai ishe shi. Su tsaya su biyu gaban Mai tambaya, yaron shi hwaɗi nashi da bakinai, shi ma shi hwaɗi nashi. Can babu tahinta."

Matar liman ta yi sauri ta ja fatiha, muka ɗaga hannu muka roƙa wa Baffa rahama, har da ni, domin yana bukatarta fiye da duk wanda na sani. Gwaggo ta fita tana kuka, wannan karon na gaske. Inna ta ci gaba da jan carbinta daga inda ta tsaya.